Injin Zoɓon Maigatari

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai a Gumel, zaman jiran aiki ya ishe ni. Na share gida, na wanke abin da ba ya bukatar wanki, na karanta duk wani abu mai rubutu a ɗakin Baba har da kwalin magani. Da kaka ta yi, sai Gwaggo, yayar Babanmu da ke aure a Maigatari, ta aiko a ce in zo in taya ta aiki. Ita ce shugabar matan da ke tsintar zoɓo a wani babban sito da ke bayan gari, ta hanyar da manyan motoci ke bi su nufi iyaka. Baba ya ce in je, ko ba komai na huta da kallon bango.

Aikin ba shi da wuyar koyo, baya kawai yake ci. Ana kawo zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, wani ma daga tsallaken iyaka, a zazzage shi a kan tamfol. Mu zauna mu miƙe ƙafa, kowacce da faifai a cinya, muna fitar da tsakuwa da kara da gurguzu. Kafin azahar tafin hannu ya yi ja kamar an yi lalle, hanci ya cika da ƙura mai tsami, ana atishawa ana hira. Gwaggo ba ta zama. Yawo take tsakaninmu, ta damƙo daga faifan wannan ta duba, ta ce wa waccan ta rage surutu, alhali ita ce ta fi kowa.

Wata safiya Alhaji mai siton ya shigo ya ce ya sayi inji, yana hanya. Ba wadda ta yi murna. Wasu na tsoron aiki zai ƙare, wasu kuma injin kansa suke tsoro, don kowacce ta san wani da injin niƙa ko na sussuka ya taɓa. Wata 'yar Damagaram da ke cikinmu ta ce ta ga kamiyon da ya ɗauko shi, wato babbar motar kaya, ya tsaya shan ruwa a Gagarawa Tasha, wai tsawon injin ya kai zauren sarki. Da ya iso muka ga bai kai haka ba, amma ya kusa.

Tare da injin aka turo wani dattijo da zai haɗa shi. Siriri ne, gemunsa ya yi furfura, yana sanye da shuɗiyar rigar aiki da ta koɗe da wanki. Kowa Injiniya yake ce masa, mu yara-yara kuma Baba Injiniya. An ce ya daɗe yana aiki a masana'antun Kano. Mun zaci yana zuwa zai hau ɗaure noti, sai ga shi ya jawo benci ya zauna a gefe yana kallonmu. Haka ya wuni. Washegari ma haka. Yana kallon yadda muke miƙewa, da hannun da muke ɗaukar abu, da yadda mai goyo ke juyawa, da lokacin da hira ke mutuwa saboda gajiya.

Gwaggo ta kasa haƙuri. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, wai mu aka turo ka gyara ko injin?"

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, injin na san shi tun daga inda aka ƙera shi. Ku ne ban sani ba."

Daga nan ya ciro alli daga aljihu ya miƙo mini, don ya ji ana ce mini Malama. Ya roƙi Gwaggo ta sa mata su tsaya ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, kowacce ta miƙa hannu yadda ba za ta takura ba, ni kuma in yi alama a inda hannun ya tsaya. Aka yi ta dariya. Wata tsohuwa mai yanar ido, wadda ita ce ta fi kowa gajarta, ta ce ita tun da take ba a taɓa auna ta ba sai wurin tela. Da aka gama ya zo ya dubi bangon. Bai kula da alamomin sama ba, wurin ta tsohuwar ya tsuguna ya aza ma'auninsa.

Ashe allon maɓallan da ya zo da injin an yi shi ne don mazan wata ƙasa masu tsayi, kuma a can ƙarshen injin aka tanadi wurin kafa shi, inda mai aiki ba ya ganin bel ɗin da zoɓo ke bi. Injiniya ya ce ba zai kafa shi nan ba. Ya tafi Gumel wurin masu walda, ya dawo da sabuwar ƙafa ta ƙarfe, ya dasa allon a tsakiya, daidai ƙirjin tsohuwar nan, ta yadda duk wadda ta tsaya gabansa tana ganin injin daga baki har wutsiya.

Ga yadda injin yake. Ana zuba zoɓo a wani babban mazurari, ya sauka kan rariya mai girgiza, ƙasa da tsakuwa su zube, fanka ta hure ƙaiƙayi. Daga nan ya hau wani dogon bel mai tafiya a hankali, mata na tsaye gefe da gefe suna tsince abin da ya tsira, har ya faɗa cikin buhu. Wato aikinmu bai ƙare ba, tashi kawai muka yi daga zaune.

Ranar da ya gama haɗawa, ya kira ni gaban allon, mata duk sun taru a bayana. Ya ce, "Malama, tayar mana da shi."

Na ce, "Baba, ai ba ka nuna mini ba."

Ya ce, "Da gangan. In kin kasa, laifina ne, ba naki ba. Duba kawai."

Na duba. Akwai rubutun Turanci a ƙasan kowane maɓalli, amma ya rufe su duka da farin salatif. Ƙananan maɓallai ne a jere daga hagu zuwa dama, kuma da na ɗaga kai sai na ga jerin nasu ya bi jerin injin: na farko yana saitin mazurari, na biyu yana saitin rariya, na gaba fanka, na ƙarshe bel. A gefe guda akwai kore, ya nutse cikin wani zobe na ƙarfe, sai ka zura yatsa kafin ka same shi. Can sama da su duka, shi kaɗai a kan wani faifan ƙarfe ruwan ɗorawa, ga wani jan maɓalli ƙato, ya turo kai waje kamar an kifa ƙaramar ƙwarya.

Na zura yatsa na danna koren. Na ji ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsata, wata ƙararrawa ta yi ƙara, fitila ta kama walƙiya, amma ba abin da ya motsa. Na waiwayo na ce ya ƙi. Ya ɗaga hannu ya ce in saurara. Sai da ƙararrawar ta gama kiran kowa, sannan rariya ta fara rawa, fanka ta ɗauka, bel ya soma tafiya. Mata suka ja da baya suna salati. Ni kuwa na tsaya gaban allon ina kallo. Ban taɓa taɓa wannan abu ba, ban san wanda ya ƙera shi ba, amma ga shi na yi masa magana ya amsa, kuma kafin ya motsa sai da ya yi wa mutane sallama.

"To, kashe shi," in ji Injiniya.

Kafin in yi tunani tafin hannuna ya riga ya sauka a kan jan. Komai ya tsaya cak.

Na tsaya ina kallon hannuna. Ya ce, "Kin gani? Tayarwa sai da niyya, shi ya sa aka ɓoye shi a rami, kada gwiwar hannu ko kan buhu ya taɓa shi. Tsayarwa kuwa ba a son mutum ya yi tunani. Wanda ya firgita ba shi da yatsa, dunƙulen hannu gare shi."

Sai ya kira tsohuwar nan mai yanar ido. Ta ce ita ja da kore duk hazo ne a wurinta. Ya ce ta lalluba. Ta shafa allon a hankali kamar mai neman allura a tabarma, ta ce, "Wannan mai ramin shi ne na tashi. Wannan mai ƙoƙon shi ne na tsayawa." Ya ce ta faɗi daidai. Ya ce masu ƙera irin waɗannan abubuwa sun san akwai wanda ba ya rarrabe launi, akwai wanda ƙura ta cika wa ido, akwai ranar da wuta za ta ɗauke, saboda haka ba sa dogara da launi kaɗai. Na yi ta juya wannan magana a raina. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa jin sunan Maigatari ba, ya zauna ya tuna da tsohuwa mai yanar ido.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗaura wata jar igiya ta bi tsawon bel ɗin gefe da gefe, daidai ƙugu. Duk inda ka kama ta ka ja, ko ka faɗa kanta, injin zai mutu. Ya sa kowacce ta ja ta gani da idonta. Ya kuma nuna mana cewa in an buga jan maɓallin, injin ba zai sake tashi ba sai an murɗa shi ya fito, don kada wani ya shigo daga waje ya tayar alhali hannun wata na ciki. Bayan nan ya ɓare salatif ɗin da ya rufe rubutu, ya ce mai son karatu ya karanta. Ya koma Kano.

Muka saba. Har muka fara gane lafiyar injin daga muryarsa. Gwaggo ta ɗauki wurin ƙarshen bel, inda zoɓo ke zubewa cikin buhu, don ta ce nan ne ake ganin aikin kowa. Ni aka ba ni bakin mazurari, can ɗaya ƙarshen, ina lura da masu zubawa.

Abin ya faru wata Alhamis, ranar kasuwa, bayan azahar. Zafi ake yi mai sa mutum ya ji kansa ya yi nauyi. Siton cike yake da baƙi masu kawo kaya. Cikinsu akwai wata Bafulatana daga wata ruga ta wajen Gagarawa, mace mai kimanin shekarun Gwaggo, ta kawo zoɓon gonarta a amalanke tare da mijinta. Shi yana waje wurin awo, ita kuma ta shigo inuwa ta tsaya kusa da allon tana kallon bel, hannunta a haɓa. Ba ta taɓa shigowa ba sai ranar.

Wani ɗan kara ya maƙale a ƙarƙashin gangar ƙarfen da bel ke naɗewa a kanta. Gwaggo ta sunkuya ta cire. Tana sunkuyawa bakin hijabinta ya zubo gaba, gangar ta lashe shi.

Ni daga inda nake ban ga farkon ba. Ihu na ji, na ɗago na hango kan Gwaggo yana yin ƙasa, hannayenta biyu a wuya tana riƙe hijabin. Igiyar nan tana nan kusa da ita, amma hannuwanta ba su da sararin kai mata, kuma da yake a tsugune take, ta riga ta shige ƙarƙashinta. Matan da ke gefenta suka yi kanta suna jan ta baya, wanda hakan ƙara shaƙe ta yake. Na diro daga kan dandamalin mazurari na nufi igiyar ɓangarena. Ban kai ba na ji shiru.

Irin wannan shirun ban taɓa jin sa ba. Rariya ta tsaya, fanka tana ƙarasa juyinta a hankali, ƙurar zoɓo tana sauka ja-ja cikin hasken taga. Bafulatanar nan tana tsaye gaban allon, tafin hannunta a kan jan maɓallin, ta danne shi da dukkan ƙarfinta kamar zai gudu.

Aka kawo wuƙar yanka igiyar buhu aka yanke hijabin. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana tari. Wuyanta ya yi shati, goshinta kuma saura kaɗan ya taɓa ƙarfen. Aka ba ta ruwa. Da numfashinta ya dawo, abin da ta fara cewa shi ne, "Sabon hijabina ne fa." Sai wasu suka fashe da kuka, wasu da dariya, wasu duka biyun.

Na je wurin matar. Har lokacin ba ta ɗauke hannu ba. Na ce, "Inna, saki, ya mutu."

Ta ce, "In na saki ba zai tashi ba?"

Na ce ba zai tashi ba. Ta janye hannun a hankali tana kallonsa.

Na ce, "Inna, wa ya nuna miki?"

Ta ce, "Ba kowa, 'yata. Ni ban san kan inji ba. Na ga baiwar Allah za ta halaka, na waiga, shi kaɗai na gani. Ya fito waje kamar yana cewa buge ni."

Mijinta ya shigo a guje, ta yi masa bayani da Fillanci, yana ta girgiza kai yana duban allon. Gwaggo ta sa aka tashe ta, ta rungume matar, ta ce daga yau ta yi 'yar'uwa a ruga. Ranar ba a ƙara tayar da injin ba.

Alhaji ya buga wa Injiniya waya, ya iso ranar Asabar da hantsi. Na zaci zai yi farin ciki, tunda abin da ya dasa ya yi aiki. Amma fuskarsa ba walwala. Ya gaida Gwaggo, ya duba wuyanta daga nesa, ya ba ta haƙuri. Ta ce ai ita ce ta sunkuya, an hana su sa hannu injin na tafiya.

Ya ce, "Hajiya, kara ya maƙale a gabanki, kin shekara nawa kina cire kara da hannu? Hannunki zai tafi kafin ki tuna da an hana. Ni na zauna na kalle ku, na ga hijabi a jikin kowacce, amma na auna ku a tsaye, ban auna ku a sunkuye ba."

Alhaji ya kawo shawarar a rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a bango, a kuma ce kowacce ta riƙa ɗaure hijabinta a baya kafin ta shiga. Injiniya ya ce a rubuta, ba laifi, a kuma ɗaure. Amma ya ce akwai ranar da wata za ta dawo daga salla ta manta, akwai baƙuwa da ba ta ji ba, akwai la'asar da gajiya ke cinye duk wani gargaɗi. Ya ce gara a yi abin da ko an manta ba zai cutar ba.

Ya kwana biyu yana aiki. Ya sa aka yi wa gangar rumfa ta ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, wadda in aka ɗaga ta injin zai mutu da kansa. Ya ƙara wata igiyar a ƙasa, daidai gwiwa. Ya rataye wata 'yar ƙugiya mai doguwar ƙota a daidai wurin da kara ke maƙalewa, ya ce in abin cirewa yana kusa da hannu, hannu shi zai ɗauka.

Da ya gama sai ya nemi a ba shi tsohon mayafi. Gwaggo ta aika gida aka kawo ragowar hijabin nan da aka yanke. Ya tayar da injin, ya tsaya da hannunsa a kan jan maɓallin, ya ɗaura ƙyallen a bakin sanda ya ba mu. Ya ce kowacce ta zo ta yi iya ƙoƙarinta ta sa injin ya kama shi.

Da farko muna jin nauyi. Can sai abin ya zama wasa. Wannan ta kaɗa ta sama, waccan ta zura ta gefe, 'yar Damagaram ta yi ta lilo da shi tana yi wa injin kirari. Ragar ta hana. Muna shirin tafawa sai tsohuwar mai yanar ido ta karɓi sandar. Ita ba ta kaɗa ba. Ta saki ƙyallen ya ja ƙasa, yadda nata mayafin ke yi in tana tafiya, ta matso a hankali. Iskar fanka ta ɗaga bakinsa, ta tura shi ta wata 'yar kafa tsakanin raga da daɓe. Ganga ta fizge shi. Injiniya ya buga jan.

Muka zuba masa ido, muna jiran ransa ya ɓaci. Sai muka ga ya washe baki, karon farko tun da ya zo. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Iya! Wannan nake nema." Ya kwanta rubda ciki a kan daɓen, dattijo da furfurarsa, cikin ƙurar zoɓo, yana leƙen kafar yana auna ta da yatsu. Na tsaya a kansa riƙe da akwatin sifanunsa. Na taɓa ganin mutane na murna don an yabe su. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna haka don an nuna masa inda aikinsa ya gaza ba.

Kafin la'asar ya toshe kafar da wani fallen ƙarfe. Aka sake gwadawa, tsohuwar ta zagaya injin da sandarta har ta gaji, bai kama ba. Gwaggo ta gyara tsayuwa a wurinta na ƙarshen bel, ta dube mu ta ce kallon ya isa haka, zoɓo ba zai tsince kansa ba.

Ba a daɗe ba takardar ɗaukata aiki ta fito, aka tura ni wata firamare a ƙasar Sule Tankarkar. Ban sake haɗuwa da Baba Injiniya ba. Gwaggo ta ce ya ƙara zuwa sau ɗaya da damina ta kusa, ya zauna a bencinsa ya wuni yana kallo, ya sha kunun zaƙi, ya canza wa ƙararrawar murya saboda ta yi kama da ta wayar wani mai awo har mata sun fara yin biris da ita. Daga nan ya yi musu sallama ya hau motar Kano.